Sukarin Alhaji Nomau

Ran da aka liƙa takardar a bakin kasuwar Ɗansadau
ina tsaye ina fifita gawayi, butar shayi tana kuka.
Hoton bindiga ne, an gicciya mata jan layi,
an rubuta a kai makami a miƙa, a huta.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
sunan wanda ya biya kuɗin bugu:
Alhaji Nomau, mai sukari da fulawa.

Kafin la'asar Jaɓɓi ya tara mu gindin ɗorawa.
Ya ɗaga tasa sama, ƙirar maƙera, an ɗaure ƙotarta da roba,
ya ce, "Wagga ta hana a kore shanun Tumba.
Wanda ya biya a raba mu da ita,
kada ƙwandalarmu ta sake kwana aljihunai."
Muka ce amin.
Ni na fi kowa ɗaga murya,
don da hannuna na tona kabarin ƙanena bara da damina,
na kuma san in ihu ya tashi tsakar dare
babu motar da ke zuwa kafin gari ya waye.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar sukari a shagon nan,
in sayar, in biya.
Bai taɓa buɗe littafin bashi a gabana ba.
Yanzu a hannun direban Gusau nake karɓa,
da ƙarin dubu huɗu a buhu, gindinsa a jiƙe.
Na rage cokali.
Masu zama bencina sun ji a harshensu,
suka haɗiye, ba wanda ya tanka.

Shago ya koma filin idi ran Talata.
'Yan dako sun kai baronsu tasha,
ƙuda kaɗai ke shiga yana fita.
Shi kuwa da hantsi sai ya zare sakata,
ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa,
ya zauna kamar mai jiran baƙi.
Mu kan kewaya ta rumfar mahauta
don kada ido ya ci ido.

Sati na shida, bayan isha'i,
ina wanke kofuna na ga takalmansa.
"Zuba min," ya ce, "ban da madara."
Na waiga dama, na waiga hagu, na zuba.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska:
"Sukarinka ya yi kaɗan."
Ya sake kurɓa.
"Ka tuna Marwana?"

Na tuna.
Ba mutanen daji ba ne.
Abokinsa ne, ɗan shekara sha huɗu,
yana goge ta yayansa a zaure, ta tashi.
Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, ba ta da nauyi.
Duk ƙasar ɗorawar nan mun sani,
ranar ne kawai kowa ya bar sanin a gida.

Ban ce ya yi daidai ba.
Bai ce in ba shi tawa ba,
ga ta nan ƙarƙashin tebur, cikin buhun gawayi,
ƙafarsa ma tana taɓa ta.
Kabari biyu ne ke gardama,
mu biyu muna zaune muna sauraro.

Da ya tashi ya ajiye ɗari biyu.
An ce kada kuɗinmu ya je hannunsa,
ba a ce komai ba kan nasa in ya zo namu.
Na danne ta da gwangwanin madara,
har yau ba ta shiga aljihu ba.

Gobe direban Gusau zai iso da azahar,
zan je in karɓi buhuna.
Hanya mafi kusa ta ƙofar shagon ta bi.
Ban san ta inda zan bi ba tukuna.